Injin da Aka Ce Ba Ya Son Nono

Kawuna, wan mahaifiyata, ya haura shekara arba'in yana gyaran ƙananan injuna a wata rumfar kwano a Funtua: babur, janareto, injin ban ruwa, injin markaɗe. Abin da aka san shi da shi kuwa kunne ne. Mutum zai karyo kwanar layi da babur, kafin ya kafe shi Kawu ya riga ya faɗa masa abin da ke damun babur ɗin, wani lokacin har da irin man da ya sha a hanya. Ina yaro na ɗauka duba yake yi. Da na girma na gane saurare ne kawai, irin wanda yawancinmu ba mu da haƙurin yi.

Ni malamin firamare ne a ƙauyenmu na bakin dam, kuma kamar kowane malamin ƙauye sai na haɗa da noma. Fadamata tana ƙetaren ruwa, inda nake noman rani na tumatir. In aka ce a zagaya ta ƙasa a kan babur, kafin a iso bakin titi rabin kwando ya zama miya. In kuwa da filafili za a tuƙa jirgi, sai hantsi ya dubi ludayi ba a iso ba. Shi ya sa wata shekara, bayan na sayar da masara, na sayi jirgin katako da injinsa na hannu a wurin wani mutum da ya kawo su daga wajen Yawuri. Injin ya zo da jan tankin roba da tiyo mai ƙwallon matsawa a tsakiya. Tankin ya ga duniya, duk jikinsa tabo ne.

Ran Lahadi kasuwarmu take ci, ranar ce kuma motoci ke zuwa daga Funtua da Dandume ɗaukar tumatir. Da sassafe nake haye ruwa da jirgi ba kaya, in loda kwandunana da na maƙwabtan fadama, sannan in ɗauko matan rugar da ke bayan fadamar da ƙorensu na kindirmo da man shanu. Shugabarsu wata tsohuwa ce da kowa ke kira Inna, siririya, mai baki kamar reza. Ba ta taɓa shiga jirgin nan ba ta gyara mini wani abu ba.

Lahadi biyu na farko lafiya lau muka yi. A ta uku, tun kafin ta sa ƙafa a jirgi, Inna ta tsayar da ni ta ce wata mai sayen kindirmonta ta dawo mata da shi wai yana warin fetur, kuma ita tun tana budurwa ba a taɓa dawo mata da nono ba. Gaskiyarta, don murfin tankin yakan ɗan yi gumi in jirgi ya yi tangaɗi, nono kuwa ba abin da ya kai shi kwasar wari. Ni ɗan mai sayar da man gyaɗa ne. Tun ban kai jarka tsawo ba na san cewa in ana so ruwa-ruwa ya zauna a inda aka zuba shi, sai a shimfiɗa leda a bakin jarka sannan a murza murfi a kai. Na yage baƙar leda na ninka ta biyu, na rufe tankin ruf a gaban idonta. Ta sunkuya ta shinshina, ta ce yanzu na yi aikin masu ilimi. Daga ranar ya zama mini ka'ida: da zarar matan sun iso sai in sa sabuwar leda, in mun dawo gida zan ƙara mai sai in yar da ita.

A tsakiyar dam ɗin akwai wata busasshiyar tsamiya da ke tsaye cikin ruwa tun lokacin da ruwa ya cinye tsofaffin gonaki. Ranar, muna dab da ita, injin ya fara shaƙewa. Ƙararsa ta yi ƙasa. In na murɗa totur sai ya yunƙura kamar zai ɗauka, ya sake lafawa. In na sassauta sai ya yi ta silo abinsa kamar ba shi ba. Na ƙara matsa masa, ya yi tari biyu ya mutu. Na ɗaga tanki ta mariƙi na jijjiga, na ji mai cike. Ban buɗe ba, ga ƙoren mutane jere a gabana. Na ja igiya har kafaɗata ta yi tsami. Sai da muka yi zaman kusan minti goma muna kallon juna sannan ya tashi, muka lallaɓa a hankali zuwa gaci. Mun tarar manyan motoci sun cika sun tafi, man shanun matan kuma ya fara narkewa.

Ran Litinin bayan an tashi makaranta na ɗaure injin a bayan babur sai rumfar Kawu. Ya ce shi bai taɓa taɓa injin jirgi ba, amma inji inji ne, duk mai da iska da wuta suke ci. Ya sa aka cika duro da ruwa, ya maƙala injin a bakinsa, ya rataya tasa kwalbar mai a ƙusa ya jona tiyo. Ja ɗaya ya tashi. Ya murɗa totur har ruwan duro ya jiƙa mu, injin bai ko yi atishawa ba. Ya karkata kai ya saurara ya daɗe, sannan ya kwance fulogi ya duba, ya ce ya ɗan yi baƙi, mu sake shi. Ya ce in inji yana lafiya babu kaya, yana gajiya da kaya, to ko wuta ce ba ta isa ba, ko mai ne ba ya isowa yadda ake buƙata, kuma da mai sauƙi ake farawa. Na tambaye shi ko in kawo tankin. Ya ce tanki ai tulu ne, me za a gyara a tulu.

Duk satin nan na yi ta zirga-zirga zuwa fadama da yamma, ni kaɗai da fartanya da buhun taki, injin yana gudu kamar sabo. Lahadi ta zo, muka loda, muka taso, muna isa tsamiyar ya maimaita abin da ya yi, ba ƙari ba ragi.

A zuwa na biyu Kawu ya kwance kafireta gaba ɗaya ya baje a kan faifan kwano. Ya wanke da fetur, ya zare silin waya guda ya bi ƙananan ramukan da shi, yana ɗaga kowanne sama yana leƙen rana ta ciki. Ya hura matatar mai. Ya ce in kawo ragowar man da nake sha, ya zuba a farar kwalba ya ajiye a inuwa ya ga ko ruwa zai kwanta a ƙasa, don ya fi zargin 'yan bumburutu a kan kowa a duniya. Ruwa bai kwanta ba. Na ga abin bai yi masa daɗi ba, da ma ya shirya musu huɗuba.

A zuwa na uku ya koma kan farfela. Ya je ya tambayi wani tsohon direban da ya taɓa zama a bakin kogin Kwara, aka ce masa akwai roba a cikin cibiyar farfela, in ta ci sai inji ya yi ta ihu jirgi ba ya tafiya. Kawu ya ce namu ba ihu yake ba, shiru yake yi, amma ba a ƙin gwaji. Ya ɗauki ƙusa ya ja layi ɗaya daga cibiyar zuwa jikin farfelar, ya ce in ta zame za mu ga layin ya rabu. Lahadi injin ya sake mutuwa a gindin tsamiya. Na ɗaga ƙafarsa daga ruwa na duba, layi yana nan a miƙe. Babu ciyawa, babu zaren koma da ya naɗe. Ranar filafili muka sa, ni da wata jikar Inna mai ƙarfin hannu, Inna kuwa tana zaune tana lissafa mini jakunan da ta sani waɗanda ba su taɓa tsayawa a tsakiyar hanya ba.

Nan Kawu ya ce duro yana ruɗinmu, dole a gwada da kaya na gaske. Ran Asabar ya hawo mota ya zo ƙauye. Sai dai Kawu ba ya shiri da ruwa. Bai iya iyo ba, kuma ko gada mota za ta hau sai ka ga leɓensa yana motsi. Ya tsaya a tudu, taku goma daga bakin ruwa, ya sa muka cika buhuna da yashi muka loda, muka ƙara da ƙarti shida daga majalisar mai shayi. Jirgi ya nutsa fiye da yadda yake yi ran kasuwa. Muka je ƙetare muka dawo, muka wuce tsamiyar nan sau biyu da cikakken totur, injin ko gezau. Kawu ya yi murmushi ya ce wataƙila dattin da ya rage ne ya fita da kansa. Washegari Lahadi, da tumatir da matan ruga, injin ya mutu a inda ya saba.

To, ƙarti shidan nan su suka kai labari majalisa, majalisa kuma ta yanke hukunci kafin la'asar. Injin ya ɗauki yashi da maza bai gaji ba, saboda haka ba nauyi ba ne. Yana mutuwa ne in akwai nono a jirgi, kuma a gindin tsamiya. Ai magana ta fito. Wani tsohon masunci ya same ni har gida ya ce mutanen ɓoye da ke wurin ba mugaye ba ne, rowa ce kawai ba sa so. A riƙa zuba musu ludayi guda in an zo wucewa. Da na kai wa Inna wannan shawara ta dube ni sama da ƙasa.

"Aljanin da ke son kindirmona," in ji ta, "ya biyo ni kasuwa ya saya kamar kowa."

Na yi dariya, amma ba zan ɓoye ba, ni da nake koya wa yara cewa ruwa tururi yake zama ya koma girgije, sai da na kwana biyu ina juya maganar ludayin nan a raina. Mutum in tumatirinsa ya ruɓe sau biyar a jere, ba irin tunanin da ba ya ziyartarsa.

Abin da ya fi tumatir damuna shi ne Kawu. Mu duka a dangi mun lura, tun wajen shekara biyu kafin nan, cewa sai an maimaita masa magana. Ba mai faɗi. Shi yakan ɗora laifin a kan injin niƙan da aka kafa kusa da rumfarsa, mu kuma mu ce ƙwarai kuwa, ƙarar nan ta yi yawa. Babban ɗansa, wanda ke da shagon kayan gyara a bakin tasha, ya daɗe yana lallaɓa shi ya bar rumfar ya huta, ya ce ba abin da zai nema ya rasa. Ba mugunta ba ce, tausayi ne. Amma Kawu in aka raba shi da rumfar nan ban san abin da zai rage ba, don ko ranar Sallah sai ya biya ya taɓa kwaɗon ƙofarta.

Da na kai injin karo na huɗu ɗan nasa yana wurin. Kawu ya ɗora shi a duro, ya tayar, ya karkata kai yadda ya saba. Ya daɗe fiye da kullum. Sai ya juyo ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani mahaluƙi ba, ya tambaye ni ko na ji wani abu a ƙarar. Na ce ban ji ba. Ya kashe injin ya zauna a kan benci yana goge hannu da tsumma.

"Ni ma ban ji ba," ya ce. "Abin da ban sani ba shi ne, babu ne, ko kuwa ni ne ba na ji."

Ɗansa ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Can Kawu ya ce Lahadi mai zuwa zai shiga jirgin da kansa, tare da kayan da matan da duk abin da ake ɗauka. In ya gano, to. In bai gano ba, ran Litinin ɗansa ya zo ya karɓi makullin rumfa, don ba zai zauna yana karɓar injunan mutane yana canke ba. Na so in ce masa injin jirgi ba layinsa ba ne, ba abin kunya a ciki. Na dubi fuskarsa, sai na tashi na ɗaure injin a bayan babur. A hanyar komawa gida na yi da-na-sanin sayen jirgin nan, na kuma tsine wa mutumin Yawuri a zuci, bawan Allah bai ci ba bai sha ba.

Ranar Lahadi ya iso tun rana ba ta yi zafi ba, da jakar sifanu a kafaɗa. Ya cire takalmansa ya riƙe a hannu kamar mai shiga masallaci, ya karanta abin da ya sawwaƙa, na kama hannunsa ya shiga. A zuwa ba kaya, injin yana waƙarsa, shi kuwa ya damƙe gefen jirgi da hannu biyu, idonsa a kan gacin da za mu.

A ƙetare suka haɗu da Inna. Dangin mahaifiyata asalinsu Barebari ne, kuma Inna ta san haka, saboda haka ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce yau ga bawanta ya zo ɗaukar mata kaya, ta miƙa masa ƙwarya. Ya ce shi bai saba ganin Bafulatana a jirgi ba, ya ɗauka a bayan saniya ake haifarsu a can kuma suke tsufa. Ta ce gara su, Babarbare kuwa ga shi ruwan da bai kai wuyan raƙumi ba ya sa shi salati. Suna cikin wannan ni ina can ina jera kwanduna. Na gama, na zaro ledata daga aljihu, na ninka, na rufe tanki. Ba wanda ya dube ni, ni ma ban dubi abin da hannuna ke yi ba.

Jirgi ya cika, ba wurin zama sai can baya kusa da ni, tankin yana tsakanin ƙafafunsa. Da muka taso ya kai hannu zai kama gefen jirgi, ya ji ruwa yana lasar yatsunsa, don da kaya bai fi tsawon yatsa huɗu ya rage ba. Ya janye hannun da sauri. Ya rasa abin kamawa, sai ya duƙa ya dafe tankin da tafin hannu biyu, ɗaya a kowane gefe.

Na buɗe totur. Muka yi nisa, tsamiya ta fara matsowa. Matan suka riƙe ƙorensu, don su ma sun haddace wurin. Sai ƙarar ta fara sauka, a hankali, kamar kullum. Na dubi Kawu ina jiran ya karkata kai. Bai karkata ba. Idonsa na kan ruwa, fuskarsa ba ta canza ba, injin yana shaƙewa taku ɗaya daga kunnensa. A nan na tabbatar da abin da muka shekara biyu muna ɗora wa injin niƙa. Na ji da ma ban kawo shi ba.

Sai na ga ya sauke ido ya dubi hannuwansa. Ya ɗaga ɗaya, ya mayar, ya shafa gefen tankin.

"Kai, tankin nan da ma haka yake a lotse?"

Na ce tsoho ne, duk jikinsa lotsawa ce. Bai ji ni ba, ko kuma bai kula ba. Ya bi tiyo da hannu har ya kai ga ƙwallon matsawa, ya tarar ta shafe kamar an taka ta. Ya kama murfin ya murɗa. Inna ta fara cewa kada a buɗe mata fetur a kan nono, kafin ta rufe baki muka ji tankin ya ja iska, fuuu, gefensa ya buɗe ya koma daidai. Injin da ke shirin mutuwa ya yi tari ɗaya, na matsa ƙwallon sau biyu, ya ɗauka da ƙarfin da sai da ƙoren suka yi ƙara. Muka wuce tsamiya ba mu ba ta ko ɗigo ba.

Kawu ya ɓamɓaro ledar daga bakin tankin ya ɗaga ta da yatsa biyu. Ya tambayi wanda ya sa. Da ruwan nan zai buɗe a lokacin da na shige. Na nuna ƙirjina. Ya juya murfin ya nuna mini wani ɗan rami a tsakiyarsa, wanda bai fi ƙwayar gero ba, ya yi magana da ƙarfi yadda masu nauyin kunne ke yi, har na gaban jirgi suna ji.

"Ba ka taɓa toshe bakin buta da tafin hannu ka ga ko ruwa zai fito ta hanci ba? Mai ba ya fita sai iska ta shiga. In kana silo kaɗan yake sha, ba ya damuwa. In ka yi lodi ka buɗe mashi wuta, zuƙa yake da ƙarfi, kai kuma ka shaƙe mashi wuya da leda. Sati biyar, malam!"

A take komai ya jeru a kaina. Ranar yashi ba nono, saboda haka ba leda. A rumfa kwalbarsa yake ratayawa. Tsamiya kuwa ba ruwanta, daidai nan ne kawai iskar tanki ke ƙarewa in an taso daga ƙetare. Har hucin da nake ji in na buɗe tankin a gida na tuna, wanda nake cewa zafin rana ne. Inna ta gyara zama, ta dubi matanta ta ce ashe aljanin nasu malamin makaranta ne, kuma saura kaɗan a fara ba shi ludayi guda duk Lahadi. Suka yi ta dariya har muka kai gaci. Ban tuna mata wanda ya yaba wa aikin masu ilimi ba. Ta ce daga yau su za su koma can gaba, tanki ya zauna a baya ya sha iskarsa, ta gwammace ɗan wari da tuƙin filafili.

Mun iso motoci ba su ko fara lodi ba. Mutanen majalisa da suka taru don su ga yadda za a ƙare suka kewaye Kawu. Wannan ya ce ai da ma ya faɗa, in dai kunnen tsohon nan ya hau jirgin magana ta ƙare. Wancan ya ce tun daga ƙarar ya gane, ko ba haka ba, Baba? Kawu ya sa takalmansa yana ta cewa alhamdu lillahi, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Da aka watse ya ja ni gefe, bayan wata motar tumatir.

"Ɗana, ban ji komai ba," ya ce. "Har ya fara mutuwa ban sani ba. Tsoron ruwa ya sa na riƙe tankin nan, na ji yana shigewa a hannuna. Da a tudu nake da ban gano ba."

Na ce ai ko ma mene ne shi ya gano, mu da muke ji sati biyar muna ji ba mu tsinana komai ba. Na roƙe shi gafara. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba, ba don dariyar matan ruga ba, sai don ledar da ba ta kai komai ba ta sa dattijo ya yi sati biyar yana tuhumar kansa, kuma a ƙarshe ta tona masa abin da yake ta rufewa. Ya ce Allah Ya yafe mana gaba ɗaya, laifinsa ne da ya ce tanki tulu ne. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi zancen makulli, tunda ya ce in ya gano zai zauna, ga shi kuma ya ce ba shi ya gano ba. Ya dube ni, ya ce in je in sayar da tumatirina kafin rana ta taɓa shi. Ya tare mota ya tafi.

Ran Litinin ban san abin da na koya wa yara ba. Ana kaɗa ƙararrawa na hau babur sai Funtua, ba inji a bayana, ba wani dalilin zuwa da zan iya faɗa in an tambaye ni. Duk hanya ina ganin kwaɗo a ƙofar rumfa, ko ɗansa a ciki yana kwashe sifanu a buhu.

Da na karyo kwana na hango ƙofar a buɗe. Wani mai babur yana tsaye a gefe da hularsa a hannu, babur ɗin yana kafe yana aiki. Kawu yana tsugune kusa da shi, bai karkata kai ba. Tafin hannunsa ɗaya yana kan murfin injin, ɗayan yana bin tiyon mai a hankali, idonsa a rufe. Ya ce wa mai babur ɗin ya ƙara wuta, ya matsar da hannun gaba kaɗan, ya ce ya rage.

Na yi sallama bai amsa ba. Na ƙara, da ɗan ƙarfi, bai amsa ba. Na ja benci na zauna ina jira ya gama.